Me Ya Sa Aikin Jinga a Bakin Teku Ba Ya Ƙarewa?

Wani mai karatu ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice: "Ana cewa ruwan teku bai fi milimita uku zuwa huɗu yake ƙaruwa a shekara ba. To garuruwan da ke zaune inda kogi ke shiga teku, waɗanda tuni suka gina jinga da katanga da manyan ƙofofin ƙarfe, me ya sa kullum kukan kuɗin gyara suke yi? Me zai hana a ƙara wa katangar mita ɗaya lokaci guda, kowa ya huta?"

Malam, wannan tambaya taka ita ce masu riƙe da baitulmali ke yi wa injiniyoyi duk shekara, don haka ba kai kaɗai ba ne. Abin da zan so ka riƙe shi ne, jinga tana gajarcewa ko ba wanda ya taɓa ta. Ruwan da ke gabanta yana hawa, ƙasar da ke ƙarƙashinta tana sauka, jikinta kuma yana tsufa. Mita ɗayan da ka ce a ƙara, maganin na farkon ne kawai, shi ma na wani ɗan lokaci.

Alƙaluman da ka ji daidai ne a awon da aka yi zuwa 2018. Rahoton 2021 na kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato IPCC, ya nuna teku ya ƙaru da kusan santimita 20 tsakanin 1901 da 2018. Abin dubawa shi ne saurin: daga 1901 zuwa 1971 milimita 1.3 ne a shekara, amma daga 2006 zuwa 2018 ya kai milimita 3.7. Zuwa 2100 ana hasashen ƙarin santimita 28 zuwa 55 idan duniya ta rage hayaƙi matuƙa, ko santimita 63 zuwa 101 idan aka ci gaba da ƙona mai da gawayi ba ji ba gani.

Sai dai jinga ba da teku na yau da kullum take kokawa ba. An gina ta ne saboda dare guda, daren da abubuwa uku suka haɗu: babbar cikowar teku wadda ke zuwa a sabon wata da lokacin da wata ya cika, da guguwar da ke tunkuɗo ruwa zuwa gaɓa, da kogin da ya ɗauko ruwan sama daga tudu yana neman hanyar fita. Babbar cikowa da guguwa sun haɗu a daren da ke tsakanin 31 ga Janairu da 1 ga Fabrairun 1953, mutum 1,836 suka mutu a Holan, sama da 300 a gabashin Ingila. 'Yan santimitocin nan da kake rainawa, a ƙarƙashin irin wannan dare suke shiga su ɗaga shi. A ce a wani bakin kogi, tazarar da ke tsakanin ruwan da ake gani sau ɗaya a shekara ɗari da wanda ake gani sau ɗaya a shekara goma santimita 40 ce. Ranar da teku ya ƙaru da santimita 40, jingar da aka gina don ruwan shekara ɗari ta koma ta shekara goma, alhali ko tsaga babu a jikinta. Rahoton nan na 2021 ya ce zuwa 2100, a fiye da rabin tashoshin auna ruwa na gaɓar teku, tumbatsar da a da sai shekara ɗari ake ganin irinta za ta riƙa zuwa aƙalla sau ɗaya kowace shekara. Wannan magana ta "sau ɗaya a shekara ɗari" ma tana yaudarar mutane. Ma'anarta kashi 1 cikin 100 kowace shekara, wato wanda ya zauna bayan jingar shekara 30, yiwuwar ya ga wannan ruwa ta kai kashi 26 cikin 100.

Bakin kogi kuma yana da nasa hali da ya fi na buɗaɗɗiyar gaɓa wahala. Siffar mazurari gare shi, baki da faɗi, ciki a tsuke, don haka ruwan da ya shigo sai ya matsu ya yi sama. Idan aka yashe hanya don manyan jiragen ruwa, an sauƙaƙa wa cikowar teku shiga ke nan. Hamburg ta Jamus ta ga wannan a kogin Elbe: tazarar da ke tsakanin cikowa da janyewa a tsakiyar birnin ta kusan ninkawa a cikin ƙarni guda da 'yan kai, kuma yashe kogi da tsuke gaɓoɓinsa na cikin manyan dalilai. A Fabrairun 1962 ruwa ya kai mita 5.70 a tashar auna ruwa ta unguwar St. Pauli, jingogi suka ɓalle, mutum 315 suka mutu a birnin. A Janairun 1976 ya kai mita 6.45, ya fi na farko nesa ba kusa ba, amma manyan jingogin birnin suka riƙe domin an sake gina su a tsakani. Da a ce daidai ruwan 1962 aka auna aka gina, da shekara 14 kacal kariyar ta yi.

Sai batun ƙasa. Bakin kogi taɓo ne da laka da ruɓaɓɓiyar ciyawa da kogi ya jibge cikin dubban shekaru. Ka ɗora masa jinga mai nauyin dubban tan, dole ya lotsa, kuma shekaru yake ɗauka yana lotsawa. Ka tsane ruwan da ke bayan jingar don noma ko gini, ƙasar ta ƙara zaunawa. Ka haƙa rijiyoyin burtsatse, ta ƙara. Wasu unguwannin gabashin Tokyo sun nitse da kusan mita 4 a ƙarni na 20 saboda zuƙar ruwan ƙarƙashin ƙasa, kafin a taka wa abin birki. A kudu maso yammacin Bangaladesh, jingogin da aka kewaye gonaki da su tun shekarun 1960 sun hana kogi zuba sabuwar laka a ciki, sai ƙasar ciki ta yi ta sauka, gadon kogi a waje yana hawa. Da guguwar Aila ta fasa wasu a Mayun 2009, akwai wuraren da ruwa ya yi ta shiga da fita cikin ƙauyuka fiye da shekara guda kafin a toshe. Shi ya sa aikin farko na mai kula da jinga shi ne awo: a riƙa bin doronta da na'ura ana auna tsayinta daga wata alama da ba ta motsi, domin tsayin da ke rubuce a takardar ranar buɗewa tarihi ne kawai.

Yanzu bari in zo inda na fi son ka tsaya, domin nan kuɗin da kake tambaya suke tafiya. Mutane na zaton jinga tana faɗuwa ne idan ruwa ya haura kanta. Sau da yawa tun ruwa bai kai can ba take mutuwa. A birnin New Orleans na Amurka, lokacin guguwar Katrina a Agustan 2005, katangun magudanar 17th Street da ta London Avenue sun kife ne ruwa bai kai samansu ba. Ƙasar da aka kafa su ciki ce ta gaza, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nitse.

Babban maƙiyin jingar ƙasa shi ne ruwan da ke bi ta ƙarƙashinta. Idan ruwa ya yi tsayi a waje, nauyinsa kan tura shi ta cikin shimfiɗar yashi da ke ƙasan jinga, ya ɓullo ta baya kamar idon ruwa. In ruwan da ke ɓullowa garai-garai yake, a sa masa ido kawai. In ya fito da yashi, yana tara shi kamar gidan tururuwa, to jingar ake kwashewa daga ciki, ramin kuma baya-baya yake ci zuwa kogi. Ranar da ya isa, doron jinga zai rufta cikin ɗan lokaci. Sabon shiga kan yi saurin danne wurin da buhunan yashi, wanda kuskure ne, domin ruwan zai ɓulla ta wani wuri. Abin da ake yi shi ne a kewaye idon da buhuna kamar rijiya, ruwa ya taru a ciki har nauyinsa ya rage ƙarfin ɓullowar, yashi ya daina fita. Kowane santimita da teku ya ƙara, ƙarin matsi ne a kan wannan hanya ta ƙarƙashi, kuma ƙara tsayi ba ya taɓa ta ko kaɗan. Maganinta shi ne a faɗaɗa gindin jinga ta baya, ko a kafa faranten ƙarfe su datse shimfiɗar yashin, ko a haƙa rijiyoyin rage matsi masu matata.

Ciyawa ma aiki ce, kuma ba ta ado ba ce. Saiwar ciyawa mai kauri ita ke riƙe yumɓun da aka lulluɓe jinga da shi idan igiyar ruwa ta fantsamo ta gangaro ta baya. Dole a riƙa yanke ta a kan lokaci, ko a bar tumaki su yi kiwo a kai, shi ya sa za ka ga tumaki birjik a jingogin Holan da arewacin Jamus: suna rage ciyawa, ƙafafunsu na daddale ƙasa. Shanu kuwa nauyinsu farfasa ta yake yi. Bishiya ba ta da wuri a jikin jinga, domin iska na iya tumɓuke ta da ƙasar, in kuma ta mutu saiwarta ta ruɓe ta bar wa ruwa hanya. Ga dabbobi masu haƙa rami. Hukumomin ruwa na Holan, su 21, suna da ma'aikata na musamman da aikinsu farautar wani ɓeran ruwa ne da aka shigo da shi Turai daga Amurka. Har fari yana kashe jinga: a Agustan 2003, a garin Wilnis na Holan, wata jingar magudana da aka yi da ruɓaɓɓiyar ƙasar fadama ta bushe ta rasa nauyi, ruwa ya ture ta gaba ɗaya cikin dare, ba ruwan sama ba guguwa.

Amma in ka tambaye ni inda nake fara dubawa in na je duba kariya, ba tsakiyar jinga ba ne. Mahaɗa nake nema: inda jingar ƙasa ta haɗu da katangar kankare, inda bututu ya ratsa, inda aka yi matakala ko ƙofar wucewar mota. Ƙasa da kankare ba sa lotsawa tare, sai 'yar kafa ta buɗe a tsakaninsu. Sannan kwalbatocin da ke fitar da ruwan gari zuwa kogi, kowanne da murfin ƙarfe da ke buɗewa waje ya rufe kansa idan teku ya ciko. Na taɓa tarar da irin wannan murfi a sagale saboda guntun katako da ya maƙale a bakinsa. Jingar wurin sabuwa ce, an kashe mata kuɗi masu yawa, amma duk babbar cikowa ruwan gishiri ta cikin kwalbatin yake biyowa ya fito a titin da ke baya. Wanda ya kamata ya riƙa zagayen an ɗauke shi ba a maye gurbinsa ba. Katanga kuma gishiri ne ajalinta. Yana ratsa kankare ya iske rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. Faranten ƙarfe sun fi ciwuwa daidai layin da ruwa ke tsayawa in ya janye, inda wasu ƙwayoyin cuta ke hanzarta tsatsa, wurin da ido ba ya gani sai an sa masu nutso ko an jira ranar da teku ya janye sosai.

To mu dawo kan mita ɗayanka. Jingar ƙasa ba a ɗora mata tsayi kamar jera bulo. In gangarenta mita uku ne a kwance ga kowace mita ɗaya a tsaye, ta gaba da ta baya, ƙarin mita ɗaya na nufin gindinta ya faɗaɗa da mita shida. Wannan mita shidan gidan wani ne, ko titi, ko ma'ajiyar kaya, ko kuma fadamar da doka ta kare. Sabon nauyin zai sa ƙasa ta sake lotsawa, ta cinye wani abu daga abin da ka ƙara. In katanga ce, harsashinta an lissafa shi ne don tsohon tsayi, kuma ƙarfin da ruwa ke neman kifar da ita da shi yana ƙaruwa fiye da yadda zurfin ke ƙaruwa. Sannan dole a ɗaga layin duka. Kariyar bakin kogin Thames, wanda ya ratsa Landan, ta kai kusan kilomita 330 na katanga da jinga, kuma mafi yawanta a hannun masu filayen bakin ruwa take, ba hukuma ba. Mutum ɗaya ya yi jinkiri, ruwa ya san gidansa, ta nan zai shiga wa kowa.

Dabarar da na fi yabawa a nan ita ce ta jihar Schleswig-Holstein a Jamus. In za su sake gina jinga, sukan yi mata doro mai faɗin mita 5 da gangare mai sauƙi ta fuskar teku, fiye da abin da ake buƙata yau, domin 'yan baya su iya ɗora mata hula ba tare da sun sake taɓa gindi ba. Ƙasa kaɗan ce ƙari a yau, amma ta sayi sauƙin gobe.

Manyan ƙofofin ƙarfe kuwa, waɗanda su ne ake ɗauka hoto, matsalarsu ta fi ban sha'awa. Madatsar Thames da ke gabashin Landan ta fara aiki a 1982, faɗinta mita 520, ƙyaurenta 10, manyan huɗun kowanne ya haura tan 3,000. A duk shekarun 1980 sau 4 aka rufe ta don kare ambaliya. A hunturun 2013 zuwa 2014 kaɗai an rufe ta sau 50, mafi yawa don a hana teku shigowa ya tokare ruwan kogi da ya yi toroƙo. Ƙarfinta ba shi ne abin damuwa ba, ana sa ran za ta kai 2070. Lokaci ne matsalar. Inji yana son a tsayar da shi a kwance shi, a canza abin da ya ci, a yi fenti, a gwada. Duk ranar da madatsa ke cikin shirin rufewa, ranar gyara ce aka rasa, kuma duk rufewa ƙarin gajiya ce ga ƙarfe. Hukumar Muhalli ta Ingila ta ɗauki rufewa 50 a shekara a matsayin iyakar da in aka riƙa wuce ta ba za a iya ba da tabbacin madatsar ba. Daga nan sai wani abu da ke ba mutane mamaki ya biyo: dole a ɗaga katangun da ke bayan madatsar, a cikin Landan, domin cikowar yau da kullum da ta ƙara tsayi ta wuce abinta ba sai an rufe ƙofa ba. Wato ƙofar ba ta 'yantar da kai daga aikin katanga ba, jinkirta shi ta yi.

A Rotterdam ta Holan, madatsar Maeslant da aka gama a 1997 kwamfuta ce ke yanke hukuncin rufe ta, idan hasashe ya nuna ruwa zai kai mita 3 sama da alamar da Holan ke auna tsayin ruwa daga ita. Takan yi shekaru ba guguwar da ta sa ta rufe, don haka ake gwada ta duk shekara kafin lokacin guguwa, kuma ƙa'ida ita ce kada yiwuwar ta ƙi rufuwa ta wuce sau 1 cikin 100. Abin da ke zaune shiru shekara da shekaru sannan a buƙace shi cikin dare guda, ba ƙarfensa kaɗai ake kula da shi ba, har da manhajarsa, da kayan gyaran da masana'anta ta daina ƙerawa, da ma'aikatan da suka san shi kafin su yi ritaya. Venice ta Italiya ta fara ɗaga ƙyaurenta 78 masu tare ruwan teku a Oktoban 2020, kuma tana fuskantar wannan lissafi ta wata fuska: yawan rufewa yana tsare jiragen ruwa, yana kuma hana tafkin birnin musayar ruwa da teku.

Akwai kuma ruwan da ke bayan katanga, wanda ba kasafai ake tuna shi ba. Ruwan sama da na ƙananan rafuka yana fita ne da kansa a sa'o'in da teku ya janye. Teku na hawa, waɗannan sa'o'i na raguwa, har a kai ranar da sai da injin tsotsa. Shi ya sa a gyaran babbar jingar Afsluitdijk ta Holan, mai tsawon kilomita 32 da aka rufe a 1932, aka haɗa da manyan injinan tsotsar ruwa a Den Oever. Inji kuma wuta yake ci, a daren guguwa kuwa wuta ce ke fara ɗaukewa.

Wani lokaci kulawa mafi hankali ita ce a ja da baya. Fadamar gishiri da ke gaban jinga tana karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso, kuma in akwai isasshiyar laka a ruwan, takan tara ta ta riƙa hawa tare da teku, abin da kankare ba ya iyawa. Amma in teku na matso ta, katanga ta tare ta ta baya, sai ta ƙare, gindin jingar ya zama shi ke karɓar duka. Don haka a wasu wurare ake gina sabuwar jinga can ciki a fasa tsohuwar da gangan. An yi haka a Alkborough da ke bakin kogin Humber na Ingila a 2006, a fili mai kusan hekta 440, an kuma yi a Steart, ita ma a Ingila, a 2014. A ganina wannan hanya tana da kyau inda gona ce a baya kuma an biya mai ita haƙƙinsa yadda ya kamata, amma masu tallata ta kan wuce gona da iri. Ba mai fasa jingar da matatar mai ko unguwa ke bayanta. Ko gonar ma ba a cikin ruwan sanyi ake karɓa ba: yankin Hedwige na Holan da ke bakin kogin Scheldt sai da aka shafe shekaru fiye da goma ana jayayya da shari'a kafin a bar ruwa ya shiga a 2022.

Dalili na ƙarshe da ya sa ba a yin aikin lokaci guda shi ne, tsakanin santimita 28 da 101 akwai tazarar da ta kai bambancin aiki biyu daban. Ka gina don na ƙasa, ka iya jefa mutane cikin haɗari. Ka gina don na sama yau, ka binne kuɗin asibiti da makaranta a katangar da za ta tsufa kafin a buƙaci tsayinta. Shirin bakin kogin Thames na zuwa 2100, wanda aka fitar a 2012, ya bi ta tsakiya: an jera matakai, an ɗaura kowanne da alamar da za a riƙa aunawa, kamar tsayin teku, da yawan rufe madatsa, da lafiyar katangu, da girman fadama, ana bita duk shekara biyar, babbar bita duk shekara goma. Da aka sabunta shi a 2023, awon ya nuna abin ya fi sauri, sai aka dawo da wa'adin ɗaga katangun cikin Landan daga 2065 zuwa 2050. Zaɓin abin da zai gaji madatsar, ko a inganta ta ko a gina sabuwa can kusa da teku wajen Long Reach ko Gravesend, dole a yanke shi kafin 2040 domin ya zama a shirye a 2070. Kafin nan kuma, filayen bakin ruwan da sabuwar madatsar za ta iya buƙata sai an hana a cika su da gine-gine tun yanzu.